Idan Hancin Dattijo Ya Daina Jin Ƙamshi

Idan Baba ya fara cewa miya ba ta da daɗi, ko Hajiya ta daina jin ƙamshin turaren wuta, kada ku yi saurin cewa tsufa ne. Yawanci mura, ciwon hanci ko korona ke jawo haka. Amma wani lokaci alama ce ta farko ta cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu, sandarewar jiki da tafiyar hawainiya.

Mafi yawan masu cutar suna rasa jin ƙamshi, sau da yawa shekaru kafin hannu ya fara rawa. A 2003, Bajamushen masani Heiko Braak ya nuna cewa furotin ɗin da ke dunƙulewa a cutar yakan fara taruwa tun da wuri a sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙon ƙamshi, can saman hanci. Daga baya hotunan MRI sun nuna sashen nan ya ɗan tsuke a wasu majinyata. Akwai kuma hoton DaTscan, mai nuna raguwar jijiyoyin da ke aiki da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin jiki.

Sai dai hoton ƙwaƙwalwa shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Kada ku kashe kuɗi a kansa sai likita ya nema.

Ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi idan rashin jin ƙamshin ya ɗauki watanni babu mura, musamman in ya haɗu da taurin bayan gida, ihu ko kai duka cikin barci, ko rubutun mutum ya koma ƙanana. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, domin irin su metoclopramide na amai da haloperidol suna iya kawo karkarwa mai kama da cutar.

Maganin levodopa yana sauƙaƙa motsi sosai, amma ba ya dawo da jin ƙamshi. Don haka a gida a kula: wanda hancinsa ba ya aiki ba zai ji gas na tsiyaya ba, ko abinci ya lalace. Wani ya riƙa duba masa tukunyar gas da abin da zai ci.

Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.