Taswirar bangon aji ta ci mana ƙasa

Ina lakwal, na ɗauka Nijar da Faransa kusan girmansu ɗaya. Haka taswirar bangon ajinmu ta nuna, kuma wa zai yi musu da abin da mushe ya rataya? Ashe Nijar, mai murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, ta ninka Faransa sau biyu har da ɗoriya.

Wani Bature, Merkato, ya zana irin taswirar nan a 1569 don matuƙan jirgin ruwa su riƙe hanya a teku. Duniya dunƙulalliya ce, in ka shimfiɗa ta bisa takarda dole wani wuri ya miƙe. A zanensa, duk ƙasar da ta yi nisa da tsakiyar duniya sai ta kumbura. Shi ya sa tsibirin Girinlan ya yi kankankan da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi sau 14.

Ni ban ce makirci ba ne. Amma ƴan'uwa, ƙannenmu da ke aji ba jirgin ruwa suke tuƙawa ba, kuma abin da ido ya saba gani shi zuciya ke ɗauka. A 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan a koma taswirar Equal Earth, mai ba kowace ƙasa girmanta. To, yaushe za a sauke tsohuwar daga bangon ajujuwanmu?