Ba Haka Ake Yi wa Ɗan Makiyayi Tambaya Ba



In aka kai ƙara cewa an cuci yaro a ruga, sai ma'aikata su ɗauko shi su zaunar a ofis, jandarma na tsaye a ƙofa. A yi tambaya da Faransanci, wani ya juya da Hausa, alhali yaron Fulatanci ya sha a nono. "Babanka yana dukanka, ko ba haka ba?" Ɗan da aka horar da kunya ba ya musu da babba. Sai ya sunkuyar da kai ya ce "to". Nan take a rubuta ya amsa. Da wannan "to" ake tsare uba!

Ba mu hana bincike ba. Wanda ya cuci yaro a hukunta shi, ko namu ne. Amma tun 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma sashe na 12 ya ce a saurari yaro. Sa masa magana a baki ba sauraro ba ne.

Muna neman tafinta mai jin Fulatanci, da babban da yaron ya yarda da shi a kusa, a bar shi ya faɗa da bakinsa. In an kira ɗanka, sanar da ƙungiya kafin ku kama hanya.