Saƙon da Bai Iso Ba: Ɓacewar Imel da Amanar Aikin Ilimi

Da wuya a sami sashen koyar da Hausa da ba a taɓa jin irin wannan ƙorafi a cikinsa ba. Malami ya kammala maƙala, ya aika wa editan wata mujalla ta imel, ya zauna jira. Wata uku shiru, wata shida shiru. Da lokacin miƙa takardun ƙarin girma ya ƙarato sai ya buga waya, edita kuwa ya rantse bai ga komai ba. Marubuci ya buɗe akwatin saƙonnin da ya aika, ga saƙon nan da kwanan wata da lokaci, ya ɗauki hotonsa ya tura a matsayin hujja. Daga nan kowannensu ya tabbata a ransa cewa ɗan'uwansa ne bai faɗi gaskiya ba. Shekara guda ta ƙarin girma ta salwanta, zumuncin da aka ƙulla tun zamanin ɗalibta kuma ya yi rauni.

Abin lura shi ne, a lokuta da dama dukkansu biyu gaskiya suka faɗa. Hausawa kan ce shiru ma amsa ce, kuma da wannan ma'auni ake fassara shirun edita: raini ne, ko ɓangaranci, ko hassada. Sai dai shirun na'ura ba amsa ba ce. Ɓacewar saƙo tana da dalilai waɗanda za a iya bin sawunsu, kuma abin takaici ne a ce fagen da ya ginu a kan tantance ruwaya da bin diddigin matani ya kasa yi wa wasiƙunsa irin binciken da yake yi wa waƙar ƙarni na 19.

Tushen ruɗanin shi ne kalmar “an aika”. Ƙa'idar da imel ke tafiya a kanta, wato SMTP, an shimfiɗa ta ne tun 1982, kuma tsarinta na gidan waya ne: saƙo yana barin hannun mai shi zuwa uwar garken kamfanin da ke riƙe da adireshinsa, ita kuma ta nemi ta mai karɓa ta miƙa mata, wani lokaci ta hannun wasu a tsakani. Ganin saƙo a akwatin abin da aka aika yana nuna abu ɗaya ne kawai, cewa zango na farko ya karɓa. Kamar mutum ne ya jefa wasiƙa a akwatin gidan waya na Zariya, sannan ya ce wannan shaida ce ta isa Yamai. Idan uwar garken mai karɓa ba ta aiki, alal misali saboda ɗaukewar wuta, ta mai aikawa takan ci gaba da gwadawa na kwana huɗu zuwa biyar kafin ta haƙura ta mayar da saƙon.

Wannan mayarwa takan zo da takardar bayani, kuma ita ce shaida mafi daraja da ake yawan watsarwa. Tana zuwa da Ingilishi mai sarƙaƙiya daga wani suna da ba na mutum ba, don haka da yawa sukan goge ta ba tare da karantawa ba. Alhali a cikinta akwai lamba mai alƙaluma uku da ke faɗin abin da ya faru. Wadda ta fara da 4 tana nufin cikas ne na ɗan lokaci, za a sake gwadawa. Wadda ta fara da 5 tana nufin an ƙi saƙon gaba ɗaya: 550 galibi adireshin ne babu shi ko aka hana shiga, 552 kuwa akwatin ne ya cika ko saƙon ya yi nauyi. Duka biyun ruwan dare ne a wajen malamai. Adireshin da ya ƙare da yahoo.com daban yake da wanda ya ƙare da yahoo.co.uk, ko da sunan da ke gabansu iri ɗaya ne. Gmail ba ya barin a aika abin da aka maƙala idan ya wuce megabait 25, kuma gigabait 15 da yake bayarwa kyauta ana raba shi ne tsakanin saƙonni da hotuna da ajiyayyun takardu. Manazarcin waƙar baka da ya tara sautukan makaɗa, ko mai aiki a kan rubutun ajami da ya ɗauki hotunan ɗaruruwan shafuka, yakan cika wannan ma'auni bai ankara ba, saƙonni su daina shigo masa alhali shi yana ganin duniya ce ta yi shiru.

Ɓacewar da ta fi cutarwa ita ce wadda ba ta barin takarda. Uwar garken mai karɓa ta amshi saƙon, sannan rariyarta ta tace shi ta jefa cikin akwatin shara. Mai aikawa ba zai sami labari ba, domin a bisa ƙa'ida saƙon ya isa. A Gmail, abin da ya kwana 30 a wannan akwati gogewa yake yi da kansa, kuma binciken yau da kullum ba ya leƙa cikinsa sai an umarce shi. Kwana 30 ba komai ba ne ga malamin da ke makin jarrabawar ɗaruruwan ɗalibai, ko wanda ya tafi ƙauye tattara bayanai, balle a lokacin dogon yajin aiki.

Me ke sa rariya ta zargi maƙalar malami? Akasari abin da take dubawa ba darajar rubutun ba ne, asalin saƙon take tuhuma. Akwai hanyoyi uku da ake tabbatar da cewa saƙo ya fito daga inda ya ce ya fito, waɗanda ake kira SPF da DKIM da DMARC. Ta farko jerin na'urorin da aka yarda su aika da sunan wata hukuma ce, ta biyu hatimi ne da ake buga wa saƙo, ta uku kuma umarni ne a kan abin da za a yi da saƙon da ya faɗi gwajin. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun tsaurara sharuɗɗansu a kan wannan, ta yadda duk hukumar da ba ta daidaita nata ba saƙonninta suna cikin haɗarin ƙi ko shiga shara. Malamin da ya saita adireshinsa na jami'a ya riƙa tura komai kai tsaye zuwa adireshinsa na kansa yana iya faɗawa wannan rami, domin turawar takan karya gwajin SPF. Haka kuma, idan ɓarayin intanet suka sace mabuɗin ma'aikaci guda suka yi ta watsa saƙonnin damfara da adireshinsa, ana iya sa uwar garken hukumar baki ɗaya a jerin waɗanda ba a karɓar saƙonsu, irin wanda Spamhaus ke tattarawa, laifin mutum ɗaya ya shafi kowane sashe. Ba sai an tunatar da kowa irin tabon da sashe na 419 na dokar laifuka ya bar wa wasiƙun da ke fitowa daga Nijeriya ba.

Duk wannan ya shafi masanin kimiyyar sinadarai kamar yadda ya shafi masanin Hausa. Amma akwai wata ɓacewa da ta keɓanta da wannan fage, wato saƙon da ya iso, yana nan cikin akwati, amma ba a iya gano shi. Imel ya taso ne a kan haruffan ASCII guda 128, waɗanda babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsu. Kafin Unicode ya yaɗu, masana sun nemi mafita, kuma haruffan Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro sun yi wa ɗab'in Hausa hidimar da ba za a manta da ita ba. Ɗaya daga cikin dabarun da aka yi amfani da su ita ce a ari gurbin q da x da v, waɗanda Hausa ba ta amfani da su, a zana masu lanƙwasa a wurinsu. A kan takarda sakamakon ba shi da aibu. A cikin na'ura kuwa harafin yana nan a matsayin q, shi ya sa da zarar rubutun ya bar wannan salon haruffa sai a ga “qasa” da “xaya” da “varawo”.

Sakamakon haka shi ne kalma guda tana yawo da kamanni huɗu a akwatin edita: maƙala, makala, maqala, mak'ala. Ga na'ura k da ƙ haruffa ne biyu masu lambobi daban, kamar yadda suke ga mai nazarin tsarin sauti wanda ya san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Editan da ya nemi saƙo da siga ɗaya yana iya tsallake sauran ukun, ya kuma faɗa da zuciya ɗaya cewa ya duba bai gani ba. Wani lokaci ma kan saƙon yakan iso a dagule: idan manhajar mai karɓa ta karanta UTF-8 da tsohon tsarin Windows, ƙ takan koma Æ™, ɗ ta koma É—, har saƙon ya yi kama da tarkacen da ake gogewa ba a buɗe ba. Abin mamaki ne a ce harshen da aka zauna a Bamako a 1966 domin daidaita rubutunsa, har yau manyan masanansa ba su yi ittifaƙi a kan yadda za su buga haruffansa uku a kan wasiƙa ba. Komawa ga Unicode a dukkan mu'amalar mujallu ya wuce batun ƙawa. Sharaɗi ne na iya gano abin da aka adana.

Bin sawun saƙo ba ya buƙatar digiri a ilimin kwamfuta. Mai aikawa ya fara duba adireshin harafi bayan harafi, sannan ya nemi takardar mayarwa, har a nasa akwatin sharar. Mai karɓa kuma ya yi bincike da adireshin mai aikawa maimakon kalmar da ke kan saƙon, ya haɗa da shara da kwandon gogaggu, ya duba ko akwatinsa ya cika. Idan duk wannan bai fitar da komai ba, kowane saƙo yana da lambar shaida tasa a ɓoyayyen bayanin da ke goshinsa, kuma da ita da lokacin aikawa mai kula da uwar garke zai iya duba rajistar shige da fice ya faɗi ko saƙon ya ƙwanƙwasa ƙofa, da abin da aka yi da shi. Amma wannan mataki na ƙarshe yana yiwuwa ne kawai idan akwai mai kula da za a iya zuwa ofishinsa.

Nan ne gizo ke saƙa. Mujallu da yawa suna karɓar maƙalu ne ta adireshin edita na ƙashin kansa. Idan wa'adinsa ya ƙare, ko ya tafi hutun shekara, ko Allah ya yi masa rasuwa, wasiƙun mujallar sun tafi tare da shi. Masu wannan ɗabi'a suna da uzurin da bai kamata a raina ba: sun ga adireshin hukuma ya mutu saboda rashin wuta, ko don ba a sabunta rajistar sunan ba, alhali na Gmail bai taɓa ba su kunya ba. Uzurin gaskiya ne, amma abin da yake nunawa shi ne a gyara na hukumar, wanda a yau ana iya ɗora shi a kan na'urorin manyan kamfanoni yana riƙe da sunansa na edu.ng. Mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne adireshin ya zama na mujalla, mutum fiye da ɗaya yana da mabuɗinsa, a kuma miƙa shi ga sabon kwamitin editoci kamar yadda ake miƙa hatimi da fayil.

Dole kuma a faɗi ɗaya gefen. Tun da kowa ya san saƙo yana ɓacewa, “bai iso ba” ta zama mafaka ga mai tantancewar da ya yi wata biyar bai buɗe maƙala ba, da ɗalibin da bai rubuta babin da ya ce ya aika ba. Maganin mai gaskiya da mai fakewa ɗaya ne: shaidar karɓa. Mujalla ta bayyana a ƙa'idojinta cewa duk maƙalar da ta iso za a ba ta lamba cikin mako guda, kuma wanda bai sami lamba ba ya ɗauka ba ta iso ba, ya sake tuntuɓa. Da wannan jimla guda, jiran wata shida ya koma na kwana bakwai. Gudu zuwa WhatsApp, wanda shi ne abin da akasari ake yi yanzu, yana kawo saurin amsa, amma yana mayar da wasiƙun mujalla cikin wayar mutum guda, a cakuɗe da gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure, kuma ranar da wayar ta faɗa ruwa ba a ajiye kwafi ba shi ke nan.

Akwai kuma asarar da ba za a ji zafinta ba sai nan da shekara hamsin. Muhawarar da ta gudana ta wasiƙa tsakanin shugabannin jihadin Sakkwato da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno ta iso ga masana ne domin Muhammadu Bello ya kwafe ta cikin Infaƙul Maisuri a 1812, har da hujjojin abokin jayayyarsa. Wasiƙun jami'an mulkin mallaka suna nan a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kowane fayil da lambarsa, kuma da irinsu ake rubuta tarihin boko da na ɗab'i a Arewa. Tarihin nazarin Hausa na shekaru 25 da suka wuce, wato wa ya tantance wa, wace gyara aka nema, wace muhawara aka yi a kan wata kalma kafin ta shiga ƙamus, yana kwance ne a akwatunan mutane a na'urorin kamfanonin Amurka. Tun daga Disambar 2023 Google yana da ikon goge duk asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, kuma asusun malamin da ya rasu yakan fara wannan ƙidaya ne daga ranar da ya buɗe shi na ƙarshe.