Makanike ke ɗaure ƙusa, amma wa ke riƙe da agogo?

Duk sa'ad da jirgin sama ya faɗi, tun ba a gama tattara gawarwaki ba, hukumomi sukan fito da ɗayan kalmomi biyu. In da talakawa ake magana, a ce ƙaddara ce. In da ƴan boko ne, a ce kuskuren ɗan Adam. Aikin kalmomin guda ne, wato rufe bakin mai tambaya. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai imanin da ke jayayya da ita, amma ba ita ke sa hannu a takardar sallamar jirgi ba. Shi kuwa ɗan Adam ɗin da ake nufi, kullum ƙaramin ma'aikaci ne mai baƙin mai a hannu. Wanda ya tsaya a kansa yana duban agogo, ba a cika kiran sunansa ba.

A tuna da Jidda. Ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgi DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa don jigilar alhazan Nijeriya, ya tashi zuwa Sakkwato da mutum 261. Ko ɗaya bai tsira ba. Tun kwanaki kafin ranar, makanikai sun san iskar tayoyi biyu ta gaza ƙa'ida. Maimakon a gyara tayoyin, sai aka gyara lambobin da ke takarda. An yi niyyar sauya su a Akra, aka fasa don jirgin ya makara. Da safiyar haɗarin, babban makanike ya nemi iskar azot da ake hura wa tayoyin jirgi, ba a samu nan take ba, jami'in da ke kula da kwangilar ya ƙi yarda a jira. Tayar da ta rasa iska ta jibga wa ƴar'uwarta nauyi, suka fashe a kan hanyar tashi, ƙarfe ya gogi ƙasa, wuta ta kama. Matuƙa ba su sani ba, suka naɗe ƙafafun jirgin da wutarsu zuwa cikinsa. Makaniken nan ya san aikinsa sarai, lokaci aka hana masa.

Wata biyu bayan haka, ranar 11 ga Satumba 1991, a jihar Teksas ta Amurka, wani ƙaramin jirgi Embraer 120 na Continental Express ya wargaje a sama, mutum 14 suka mutu. A daren da ya gabata an fara aiki a wutsiyarsa. Masu aikin maraice suka kwance ƙusoshi 47 a gefen hagu, lokacin tashinsu ya yi, suka tafi gida ba tare da labarin ya kai ga masu aikin dare ba. Waɗannan suka gama gefen dama, suka sallami jirgi. Ɗaya daga cikin mambobin hukumar bincike, John Lauber, ya ƙi amincewa a tsaya kan ma'aikata, ya ɗora alhakin a kan shugabannin kamfanin da suka bari irin wannan sakaci ya zama ɗabi'ar gida.

Abin da masu ofis ba su son ji shi ne, ƙwarewa ba ta maganin gajiya. Wanda ya sauya gilashin gaban jirgin British Airways a Birmingham cikin Yuni 1990 tsohon hannu ne, shugaban masu aikin dare. Ma'aikata sun yi ƙaranci, ya ɗauki aikin da kansa a tsakar dare, ya zaɓi ƙusoshi da ido a wuri mai ƙarancin haske. Cikin 90 da ya ɗaura, 84 sun gaza kauri da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Shi ya yi aikin, shi ya sa hannu cewa ya yi daidai, domin ƙa'idar lokacin ba ta tilasta ido na biyu ba. Ranar 10 ga wata, a sama da mita 5000, gilashin ya tashi, iska ta fizgi kyaftin Tim Lancaster rabin jikinsa a waje, abokan aiki suna riƙe da ƙafafunsa har aka sauka a Southampton. Ya rayu, amma ba tsarin kamfanin ne ya cece shi ba.

A 1993 wani jami'in hukumar sufuri ta Kanada, Gordon Dupont, ya jera abubuwa 12 da ke jefa makanike cikin kuskure, ciki har da gajiya, matsin lamba, damuwa da ɗauke hankali. Daga cikin darussan da ake koyarwa tun daga nan akwai wani mai sauƙi: in an katse ka tsakiyar aiki, koma baya mataki uku ka sake dubawa, don zuciya takan ɗauka an gama abin da hannu bai gama ba. Sai dai komawa baya mataki uku mintoci take ci, mintocin kuwa na mai kwangila ne.

Ma'aikacin gwamnati ba ya bukatar a bayyana masa wannan, ya san yadda mai gida ke tsayawa a bakin ƙofa har sai an sa hannu. Ɗan kasuwar da ke tada jijiyar wuya a filin jirgin Diori Hamani na Yamai don an jinkirta tashi da awa biyu, shi ma ya san hayaniyarsa tana gangarawa daga darakta zuwa shugaban garaji, ta ƙare a kan mutumin da ke kwance ƙarƙashin fiffike. Su kuma masu rattaba hannu kan kwangilar jigilar alhazan Maraɗi, Damagaram da Tawa, sun iya cinikin kuɗin kujera har zuwa dala ta ƙarshe. Sai su ƙara tambayoyin da ba a saba yi ba: makanikai nawa ke biye da jirgin, awa nawa suke barci tsakanin sawu da sawu, kuma in makanike ya ce jirgi ba zai tashi ba, wane ne ke da ikon ƙetare maganarsa. A Jidda, wanda ya ƙetare ta ba makanike ba ne, shi ma yana cikin jirgin.