Filastar 'Yan Ƙwallo: Shin Tana Warkar Da Tsokar Bayan Cinya?

Wannan makon za mu duba filastar nan mai launi-launi da matasa ke liƙawa a cinya. Duk mai zuwa kallon ƙwallo a filin Ribadu da ke Jimeta ko filayen unguwanni a Yola ya san ta.

A bayan cinya akwai tsokoki guda 3 da suka taso daga ƙugu zuwa ƙasan gwiwa. Su ke lanƙwasa gwiwa, su kuma riƙe ƙafa idan mutum ya zura da gudu. Idan aka ja su fiye da kima sai su yage. Yagewar mataki 3 ce: ƙarama, wadda kan lafa cikin mako 1 zuwa 3, matsakaiciya, mai ɗaukar makonni da yawa, sai tsinkewa gaba ɗaya, wadda wani lokaci sai an yi tiyata.

Ita filastar, wani ɗan Japan mai suna Kenzo Kase ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, ta kuma yi tashe bayan gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Tana miƙewa kamar roba, don haka ba ta hana ƙafa motsi. Wasu kan ji zafi ya ɗan ragu na ɗan lokaci, su ƙara samun natsuwa wajen taka ƙafar. Amma a fata take liƙe, ita kuwa tsokar da ta yage tana can ciki. Ba ta haɗa yagewa, ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi.

Haɗarin yana nan: yaro ya liƙa filasta, ya sha diclofenac, ko ma tramadol, zafi ya ɓuya, ya koma fili kafin tsoka ta warke. Wannan rauni ya yi ƙaurin suna wajen dawowa, musamman a makonnin farko da komawa wasa, kuma na biyu yakan fi na farko daɗewa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

A kwana 2 zuwa 3 na farko, a huta da gudu. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a rana. A guji gashi da ruwan zafi, da man zafi, da tausa mai ƙarfi, domin suna iya ƙara zubar jini a cikin tsoka. Don rage zafi, paracetamol ya wadatar wa mafi yawa. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko hawan jini kada ya sha diclofenac ko ibuprofen sai da shawarar likita.

Idan za a liƙa filastar, fata ta kasance a wanke, a bushe, babu mai. A zafin Yola na Maris da Afrilu gumi kan ɓamɓare ta da wuri. Kada a ɗora ta kan rauni ko ƙuraje, kuma a cire ta da zarar an ji ƙaiƙayi.

Abin da ke maido da ƙafa shi ne atisayen ƙarfafa tsoka sannu a hankali, ƙarƙashin kulawar likitan gashin ƙashi. Kada a koma wasa sai an iya gudu da ƙarfi babu zafi.

Iyaye, idan yaro ya ji wani abu ya tsinke, ko ya kasa taka ƙafa, ko jini ya taru cinya ta yi baƙi, ko ƙafar ta mutu, a kai shi Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Ku tambayi ɗanku abin da ya sha kafin ya fita wasa.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.