A Tuna Da Masu Tafiya A Ƙasa A Bakin Binuwai

Gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta gina gadojin sama a Jimeta, masu mota sun ji daɗi. To, mai tafiya a ƙasa fa?

Gadar Kogin Binuwai ita ce ta haɗa Jimeta da Girei da hanyar Mubi. Tireloli da Keke Napep da ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da mata masu tallan nono duk ita suke bi. Ya kamata a yi wa masu ƙafa tasu gadar dabam, kusa da wannan.

Amma kada a kawo mana irin ta Legas, mai matakala kamar hawan hasumiya. Tsoho da gurgu da mai tura baro ba su iya hawanta, shi ya sa jama'a kan bar ta su ratsa titi. A yi mata gangare mai sauƙi, da dogaran ƙarfe da yaro ba zai zurma ta tsakaninsu ba, da fitilu. A kuma yi rumfa, don wanda ya san ranar Yola a watan Afrilu ya san ba ƙawa muke nema ba.

Sai maganar ruwa. A 2012 da 2022 an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ambaliya ta ci gidaje da gonaki. Injiniyan da ya auna kogin da rani, lokacin da rairayi ya fito, ya yi aikin banza. Shaidar da ruwan 2012 ya bari a bango ita ce ma'auninsa, har da hanyoyin da za su kai mutum bakin gadar.