Ɓoye Sunan Wayfai Ba Tsaro Ba Ne

Makon nan ban zo da zancen jigo ko salo ba. Faɗa na zo yi da masu shagunan kwamfuta, da duk wanda ya kwaikwayi ɗabi'arsu ta ɓoye sunan wayfai.

Kwanan baya na raka wata ƙanwarmu ta wannan zaure wani shago a Tambuwal. Tun daga Kebbe ta taso da laftof ɗinta ta gwanjo don ta tura labarinta gasa, ana saura kwana ɗaya a rufe. Mai shago ya ce ya ɓoye sunan wayfai ɗinsa saboda yaran unguwa. Ya rubuta mata sunan da kalmar sirri, ta saka, shiru. Ta sake, shiru. Sai ya yanke hukunci: kwamfutar ce ta lalace, ta kawo kuɗi a yi mata fomatin. Fomatin! A kan na'urar da ke ɗauke da rubutun shekara biyu.

Lafiyar kwamfutar ƙalau. Rawuta tana shelar kanta kusan sau goma a kowace daƙiƙa. Idan ka ɓoye sunan, shelar ba ta tsayawa, gurbin sunan kawai ake bari fayau, sai wayarka ko kwamfutarka ta kira sunan kafin a amsa mata. Da zarar wani ya haɗu, sunan ya fita a iska ba lulluɓi, mai manhajar leƙen asiri ta kyauta zai gan shi. Ɓarawon data bai wahala ba, kwastoma ne ya wahala. Kuma wayar da ta haddace ɓoyayyen suna haka za ta riƙa kiransa duk inda ka je, a tasha, a kasuwa.

Ga inda dokar ƙasa ta shigo. Zangon 2.4 GHz an kasa shi tasha-tasha. Yawancin ƙasashe na amfani da 1 zuwa 13, Amurka kuwa 1 zuwa 11. Na'urar da aka saita don Amurka ba ta ma leƙa 12 da 13. Wadda ba ta san ƙasar da take ba kan yi taka-tsantsan: a waɗannan tasoshi biyu saurare kawai take yi, ba ta fara magana. Rawutar shagon nan an bar ta ta zaɓa wa kanta tasha, ta faɗa 13. Ita tana jira a kira sunanta, kwamfuta kuma an hana ta kira. Kamar surukai biyu da suka haɗu a hanya, kowa ya sunkuyar da kai.

Da ƙyar mai shago ya yarda muka shiga saitin. Muka bayyana sunan, muka mayar da tasha 6, labari ya tafi.

In abin ya same ka, shiga saitin rawutar. Yawancin maifai na Huawei ta 192.168.8.1 ake shiga. Kafe tasha a 1, 6 ko 11. In akwai zaɓin ƙasa, zaɓi Najeriya. Kada ka biye wa masu cewa a zaɓi wata ƙasa don ƙarin ƙarfi, hukumar NCC ce ke da ikon tsara zangon nan. Tsaro na gaske shi ne WPA2 ko WPA3 da doguwar kalmar sirri, ba lambar wayarka ko sunan ɗanka ba. In mai wayfai ya ƙi bayyana sunan, rubuta shi daidai da manya da ƙananan baƙaƙensa, kuma a Android ka nuna cewa ɓoyayye ne.

Mu Sakkwatawa mun san rashin sabis na gaskiya. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Wancan ba a hannunmu yake ba. Wannan kuwa mu muka ɗora wa kanmu.

Mu ma marubuta da namu laifin. Jarumanmu duk suna riƙe da iPhone suna hira har asuba, amma ɗan bayanin da zai hana a goge wa yarinya littafinta ba mu rubuta shi da Hausa ba. Wanda ya san wata matsalar irin wannan, ya kawo ta makon gobe, ni zan fara karantawa.